Sarkin yawa ko sarkin ƙarfi? Tambayoyi da amsoshi kan yawan wufa da ƙarfin amfilifaya a mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban shagon kayan sauti da kuɗinsa a aljihu, a Sabon Garin Kano ne ko a Alaba ta Legas, ya san wannan ruɗanin. Mai shago na cewa ka ɗauki wufa biyu, abokinka na cewa ɗaya ta isa in dai amfilifayar babba ce, kuɗin kuma ba za su sayi duka ba. Wufar da nake nufi ita ce babbar sifikar da ke fitar da sautin ƙasa, daga wajen 20 zuwa 80 Hz (ma'aunin sauti, ƙanƙantar lambar ita ce zurfinsa), wannan amon irin na tambari da ake ji a ƙirji kafin a ji shi a kunne. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a kanta, na amsa yadda nake amsawa in muna tsaye a bayan but.

Malam, wanne ya fi: wufa biyu da matsakaiciyar amfilifaya, ko wufa ɗaya da babbar amfilifaya?

In akwai wuri a but ɗinka, kuma wufofin iri ɗaya ne masu inganci, biyu da matsakaiciyar amfilifaya sun fi. A nan dai maganar magabata ta yi daidai, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Bes, wato sautin ƙasan nan, iska ce da ake turawa. Faifan wufa yana gaba yana baya, yana tunkuɗa iskar cikin mota, kuma yawan iskar da ya tunkuɗa shi ne ƙarar da kake ji. Hanya biyu ce ta ƙara wannan iska: ko ka sa faifai ɗaya ya yi tafiya mai nisa, wato ka ƙara masa wat, ko ka ƙara faɗin faifan, wato ka kawo wata wufar.

A ce kana da wufa ɗaya mai inci 12 tana cin wat 500. In ka ninka ƙarfin ya koma wat 1000, ƙarin da za ka samu a lissafi desibel 3 ne (desibel shi ne ma'aunin ƙara). In kuma ka bar ƙarfin a wat 500 ɗin nan, ka kawo wufa ta biyu suka raba, kowacce 250, ƙarin da za ka samu shi ma wajen desibel 3 ne. A takarda kunnen doki suka yi. A cikin mota kuwa da bambanci babba. Hanyar farko ta ninka wutar da ake ja daga altaneta, daga wajen amfiya 45 zuwa 90, ta kuma ɗora duk zafin a kan kwayil ɗaya, wato naɗin wayar da ke motsa faifan wufa. Hanya ta biyu ba ta nemi ƙarin wuta ko amfiya ɗaya ba, kowace wufa na aiki cikin natsuwa, sautin ya fi tsabta, kuma za su daɗe.

Akwai kuma wata garaɓasa. Yawancin amfilifayar wufa tana ba da ƙarfi fiye a om 2 kan yadda take bayarwa a om 4 (om shi ne nauyin da wufa ke ɗora mata, za mu dawo kansa). Wadda ke ba da wat 300 ga wufa ɗaya mai om 4, in ka haɗa mata biyu suka koma om 2, tana iya kaiwa 500. Ka ga ka samu faɗin faifai, ka samu ƙarin wat, jimla wajen desibel 5, ba tare da ka sayi sabuwar amfilifaya ba. Sharaɗin dai a ce an rubuta cewa tana jure om 2.

Shi desibel 3 ɗin nan, kunne yana jin sa kuwa?

Yana ji, amma ba zai girgiza ka ba. Za ka ce an ɗan ƙara. Kafin yawancin mutane su ce ƙara ta ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, shi kuma yana buƙatar ƙarfi ninki goma. Wato mai wat 500 da ke son ya ji ƙararsa ta ninka ta hanyar amfilifaya kaɗai, wat 5000 yake magana. Shi ya sa nake jin takaici in na ga yaro ya sayar da amfilifayarsa mai wat 600 ya cika kuɗi ya sayi mai 800. Bambancin bai wuce desibel ɗaya da ɗoriya ba. Da kuɗin nan ya kai wa kafinta an yi masa akwati na ƙwarai, da ya ji canjin tun daga waƙar farko.

To ke nan kullum yawa ne ke cin nasara?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami.

Kowace wufa tana da girman ɗakin da take so. Mai inci 12 a rufaffen akwati yawanci tana neman lita 28 zuwa 35 na iska a bayanta. In akwatin mai hanci ne, wato mai bututun fitar iska, sai ta nemi lita 50 zuwa 70. Wufa biyu, ninki biyu. Abin da na fi gani shi ne an ɗauko biyu an cusa a akwatin da ya dace da ɗaya, don ya shiga but. Iskar da ke ciki ta yi kaɗan, ta zama kamar tauraren sifirin, faifan ba ya iya sakewa. Sai ka ji bes ɗin yana dukan kunne, dum-dum a wuri ɗaya, amma zurfin nan da ke sa kujera rawa ya tafi. Wufa ɗaya a akwatin da ya dace da ita ta fi waɗannan biyun nesa ba kusa ba.

Wannan ba ra'ayina ba ne kawai. Wani injiniya ɗan Ostireliya, Neville Thiele, ya wallafa lissafin akwatin sifika a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, kuma alƙaluman da kamfanoni ke bugawa a takardar wufa har yau da sunayensu ake kiran su. Akwai kuma ƙa'idar da ake jingina wa Anton Hofmann na kamfanin KLH a Amurka: ƙaramin akwati, zurfin bes, da yawan ƙara a kan ɗan wat, biyu kawai za ka iya samu a cikin ukun. In ka matse akwati kuma kana son zurfi, to sai ka biya da wat. Wannan shi ne halin da babbar amfilifaya da wufa ɗaya ke yin nasara: mutumin da but ɗinsa ba na kiɗa kaɗai ba ne. Magidancin da zai ɗauki buhun shinkafa da jakunkunan iyali in za a je gida sallah, ko wanda ya mayar da motarsa mai amfani da gas tukunyar CNG ta cinye rabin but, ba shi da lita 120 da zai bayar. Shi nasa wufa ɗaya ce mai ƙarfin jiki a rufaffen akwati, da amfilifayar da za ta ciyar da ita.

Sannan ba faɗi kaɗai ake dubawa ba, har da nisan tafiyar faifai, abin da ake rubutawa Xmax a takarda. Wufa ɗaya mai tafiyar milimita 18 ta fi biyu masu milimita 8 tura iska. Duk lokacin da sauti ya sauka da rabi, misali daga 60 zuwa 30 Hz, ana buƙatar iska ninki huɗu kafin ƙarar ta tsaya yadda take. A can ƙasa ne wufar araha ke tona wa kanta asiri.

Biyu masu inci 10, ko ɗaya mai inci 15?

Kada ka haɗa inci da inci ka ce 20 ta fi 15. Faɗin da'ira ake lissafawa. Mai inci 8 faɗinta wajen murabba'in inci 50 ne, mai 10 wajen 79, mai 12 wajen 113, mai 15 wajen 177. Biyu masu 10 sun ba ka 158, ba su kai ɗaya mai 15 ba. Biyu masu 12 sun ba ka 226, sun wuce ta. Ainihin ɓangaren da ke tura iska bai kai haka ba saboda robar gefe, amma yadda suka fi juna haka yake.

Maganar da ake yi cewa babbar wufa tana da nawa, ƙarama ce ke bin kiɗa da sauri, ban yarda da ita ba. Abin da mutane ke ji suna kiran sa nawa, yawanci akwatin ne ba a yi shi daidai ba.

An rubuta wat 3000 a jikin amfilifayata. Wufa nawa za ta ɗauka?

Kafin mu je ga wufa nawa, juya ta ka duba fis ɗin da ke jikinta. Amfilifaya ba ta ƙirƙirar wuta, abin da ta ja daga mota shi take juyawa, wani kaso kuma ya tafi a zafi. In ka ga fis biyu masu amfiya 25, jimla 50 ke nan. Ninka 50 da bolt 14.4, ka samu wat 720 da ke shiga. Amfilifaya aji-aji ce bisa yadda aka ƙera ta: ajin D tana fitar da wajen kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na abin da ta ci, ajin AB kuma wajen rabi zuwa kashi 60. Ke nan wannan mai ɗauke da 3000 a goshi, in ajin D ce ba za ta wuce wat 550 zuwa 600 ba, in AB ce wajen 400. Wannan awo ba cikakke ba ne, amma yana fasa ƙwan ƙarya cikin minti ɗaya.

Lambar da za ka nema ita ce RMS, ƙarfin da abu ke iya bayarwa ko ɗauka a ci gaba ba tsayawa. Babbar lambar da ke jikin kwali ta ƙiftawar ido ce, kuma ko a wajen kamfanoni na gaskiya irin su Pioneer da Kenwood da JBL za ka ga ta ninka RMS sau biyu ko fiye, sai dai su suna rubuta duka biyun. Akwai ma'aunin Amurka da ake kira CTA-2006, da can CEA-2006, wanda ke auna amfilifaya a bolt 14.4, a om 4, da gurɓatar sauti da ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba. In ka ga alamarsa kuma kayan na asali ne, lambar abin dogaro ce. Na ce na asali domin kasuwa cike take da jabun da aka manna wa sunayen manyan kamfanoni. Ɗaga ta ka ji nauyi, duba kaurin ramin da wayar wuta ke shiga. Amfilifayar da ramin wayarta bai fi tsinken ashana uku ba, ba ta shirya cin amfiya 100 ba.

Da ka san RMS na gaskiya, lissafin ya yi sauƙi. Haɗa RMS na wufofinka, ka nemi amfilifayar da ke ba da kusan wannan adadin a om ɗin da za ka haɗa su. Ɗan sama ko ɗan ƙasa ba laifi.

Motata za ta iya ɗaukar wat 1000 na gaskiya?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, ita ce kuma ake bari sai ƙarshe.

Ƙananan motoci irin su Corolla da Civic da Golf, altanetarsu yawanci tsakanin amfiya 70 da 100 take. Akan rubuta a jikinta, ka sa mai wayarin ya duba maka. Wannan adadin kuma sai inji na gudu take kai shi. A tsaye cikin cunkoso tana ba da ƙasa da haka. Motar kanta, da AC da fankar lagireto da fitilu da famfon mai, tana cinye rabi ko fiye. Abin da ya rage maka bai fi amfiya 30 zuwa 40 ba. Amfilifaya mai wat 1000 in an ƙure ta tana neman wajen 90. Gaskiya ne kiɗa ba ya jan wannan a kowane daƙiƙa, yana hawa yana sauka, shi ya sa wat 500 ko 600 ke zama lafiya a irin waɗannan motoci. Amma daga 1000 zuwa sama, an ɗauko Dala ba gammo.

Na tuna wani matashi da ya kawo Golf ɗinsa da magariba, ya ce batirinsa na uku ke nan a shekara, masu batir suna cutarsa. Na ce ya tayar, ya kunna fitila, ya saka waƙar da ya fi so. Motar na fuskantar bango. Duk dukan ganga sai hasken da ke jikin bangon ya dushe ya dawo, kamar mai ƙifta ido. Na ɗora mita a kan amfilifayar: 14.1 kafin kiɗa, da bes ya sauka sai ta faɗo 11.6. Ba batir ne mai laifi ba. Altaneta ta gaza, batir ke cike giɓin, kuma ba ya samun sukunin cika. Amfilifayar ma a wannan bolt ɗin ba ta ba shi ƙarfin da ya biya kuɗinsa. Muka sauke masa ita muka sa mai wat 500, muka bar wufofinsa biyu muka sake musu akwati. Da ya zauna ya saurara, cewa ya yi ƙarar ta ƙaru.

In mita tana nuna ƙasa da bolt 12.5 a lokacin kiɗa inji na aiki, motarka tana gaya maka ta gaji. Matakin farko mai araha shi ne a ƙara kaurin wayoyi uku: daga altaneta zuwa kan batir mai alamar tarawa, daga ɗaya kan batir zuwa jikin mota, da kuma daga inji zuwa jikin mota. In hakan bai wadatar ba, sai babbar altaneta.

Kafasita ko batir na biyu ba za su magance ba?

Ba sa samar da wuta, ajiya kawai suke yi. Randa ce, ba rijiya ba. Kafasita na iya rage ƙiftawar fitila kaɗan. Batir na biyu yana da amfani ga mai kunna kiɗa inji a kashe, a wajen biki ko majalisa. Amma duk abin da aka ɗiba daga cikinsu, altanetar nan ɗaya ce za ta mayar.

Ina ruɗewa da maganar om. Yaya ake haɗa biyu?

Om shi ne nauyin da amfilifaya ke ji a kanta, kuma ƙanƙantar lambar ita ce yawan nauyin. Haɗi iri biyu ne. Akwai kafaɗa da kafaɗa, inda duk jajayen wayoyi ke haɗuwa wuri ɗaya, baƙaƙe ma wuri ɗaya: biyu masu om 4 sun koma om 2. Akwai jerin gwano, inda wuta ke ratsa ta farko ta shiga ta biyu: biyu masu om 4 sun koma om 8.

Wasu wufofin kwayil biyu gare su, za ka ga wurin ɗaura waya a gefe biyu. Ɗaya mai kwayil biyu na om 4 tana ba ka om 2 ko om 8. Biyu irinta suna ba ka om 1 ko om 4. Ɗaya mai kwayil biyu na om 2 tana ba ka om 1 ko om 4, biyu irinta kuma om 2 ne haɗin da ya fi amfani, domin in ka sa su duka kafaɗa da kafaɗa sun sauka rabin om, wanda amfilifaya kaɗan ce ke jure shi. Ka ga ke nan tun kafin ka biya kuɗin wufa ya kamata ka san guda nawa za ka ƙare da su. Mutum kan sayi ɗaya mai kwayil biyu na om 4, ya haɗa ta a om 2, amfilifayarsa na jin daɗi. Bayan wata shida ya ƙaro ta biyu, sai ya tarar zaɓinsa om 1, wanda amfilifayar ba ta ɗauka, ko om 4, inda ƙarfinta ya ragu kusan da rabi.

Kuskuren da ya fi kashe amfilifaya a wajenmu shi ne na amfilifaya mai layi biyu da aka haɗe layukanta suka zama ɗaya. A wannan haɗin kowane layi rabin om ɗin yake ji, don haka yawancinsu ba sa son ƙasa da om 4. Sai a ɗora mata wufa biyu a om 2. Za ta yi waƙa biyu, ta ɗau zafi, jar fitila ta kama, ta ɗauke. A bar ta ta huce a sake kunnawa, har ranar da ba za ta dawo ba. Mai son wufa biyu ya nemi amfilifaya mai layi ɗaya, ajin D, wadda aka yi don wannan aikin.

In ka auna da mita ka ga 3.4 a wufar om 4, kada ka damu, haka suke nunawa.

An ce ƙaramar amfilifaya ce ke ƙona wufa. Gaskiya ne?

Ƙarancin wat ba ya ƙona komai. Da yana ƙonawa, da duk wanda ya rage murya ya yi asara. Abin da ke faruwa shi ne mai ƙaramar amfilifaya ba ya ƙoshi, sai ya murɗa gen, maɓallin saiti da ke jikin amfilifaya, har ƙarshe, ya ƙara da maɓallin bes. Amfilifaya ta kai iyakarta, sai ta riƙa aske kan igiyar sautin, mai lanƙwasa ta koma mai kusurwa. Igiyar da aka aske gaba ɗaya tana ɗauke da ƙarfi har ninki biyu na mai lanƙwasa, kuma wannan ƙarin zafi yake zama a cikin kwayil. In wufar tana da sauran juriya sosai, za ta sha. In ƙarfinta da na amfilifayar kusan ɗaya ne, sai ka fara jin wani ƙauri kamar na fanka da ta ƙone yana shigowa ta bayan kujera. Wannan ƙaurin gam ne da fentin wayar kwayil ke dahuwa. Da ka ji shi ka rage nan take.

Babbar amfilifaya ma tana kisa, ta zafi ko ta tura faifai ya wuce iyakarsa har ka ji ƙwas-ƙwas, kwayil na dukan ƙarfen baya. Maɓallin ƙarin bes ɗin nan kuwa, desibel 6 da ka ƙara da shi ƙarfi ninki huɗu ka nema. Ni a sifili nake barin sa.

Yaya zan saita gen ba tare da na'ura mai tsada ba?

Gen ba maɓallin ƙara murya ba ne. Aikinsa ya daidaita abin da rediyo ke aikowa da abin da amfilifaya ke iya fitarwa. Da mitar awon lantarki ta masu wayarin za ka yi. Ninka wat ɗin da kake so da om ɗin haɗinka, ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan amsar. Wat 500 a om 2 ya ba da 1000, wato bolt 31.6. Wat 800 a om 2, bolt 40. Wat 300 a om 4, bolt 34.6. Cire wayar wufa, mayar da bes da sauran gyare-gyaren rediyo sifili, tayar da inji, saka sautin gwaji na 50 Hz, kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu. Sa mita a awon bolt na AC, wato wuta mai kai-komo, a kan mafitar amfilifaya, ka murɗa gen a hankali har lambar ta fito. Daga nan ka bar shi. Wannan hanya tana aiki ne in RMS ɗin da ka yi lissafi da shi na gaskiya ne.

Matatar da ke hana murya shiga wufa ka aje ta wajen 80 Hz. In akwatinka mai hanci ne, ka kunna matatar ƙasa, wadda ke yanke sautin da ya yi ƙasa sosai, ka aje ta ɗan ƙasa da Hz ɗin da aka saita hancin a kai, domin a ƙarƙashin wannan wurin akwati ba ya riƙe faifai, yana ta lilo a banza.

Na ƙara wufa ta biyu, sai bes ya ragu. Me ya faru?

Kusan kullum an juya wayar ɗaya ne. Ɗaya na turawa, ɗaya na ja, suna kashe juna. Cire wayar da ta zo daga akwati, ka ɗauko batirin tocila mai bolt 1.5, ka taɓa jar waya a kansa, baƙa a gindinsa. Za ka ji ɗan tuf, ka ga faifai ya motsa. Dole duka biyun su leƙo waje tare. In ɗaya ta leƙo ɗaya ta shige, ka kama ɓarawon. In suna tafiya tare, to duba om, wataƙila an yi jerin gwano ƙarfin ya faɗi.

Zan iya haɗa mai inci 12 da mai 15, ko kamfani biyu daban?

Kada ka yi. Ba sa motsi iri ɗaya, ba sa raba wuta daidai, kuma mai rauni ce za ta tsayar da iyakar duka. Iri ɗaya, girma ɗaya, kowacce da ɗakinta a cikin akwati.

Zafin garinmu yana da tasiri?

Sosai, kuma yana cikin dalilan da suka sa nake karkata ga raba aiki tsakanin wufa biyu. Wayar kwayil ta jan ƙarfe ce, turjiyarta ga lantarki na ƙaruwa da wajen kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri. In kwayil ya ƙara digiri 100, abin da ba wuya in ana duka, turjiyar ta ƙaru da kusan kashi 40, ƙarfin da yake karɓa ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa bes ke laushi bayan rabin awa a hanya, mutum ya ƙara murya, zafin ya ƙaru. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai cikin watan Afrilu, inda inuwa ma ke haura digiri 40, but ɗin da ya wuni a rana tanda ne tun kafin a kunna komai. Kada ka ɓoye amfilifaya ƙarƙashin kafet, kada ka kifa ta, ka bar mata sararin shan iska. Ajin D ta fi dacewa da mu saboda ba ta tara zafi kamar AB. Lokacin hunturu kuma ka riƙa kakkaɓe mata ƙura.

Waya fa, kowacce za ta yi?

A'a. Da lamba ake auna kaurin waya, ƙanƙantar lambar ita ce yawan kaurin: zuwa wajen wat 400, lamba 8 ta jan ƙarfe zalla za ta yi in tafiyar ba ta da tsawo. Daga 500 zuwa 1000, lamba 4. Sama da haka, lamba 0. Yawancin wayar araha alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, ba ta ɗaukar fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ta gaske ke ɗauka. Kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka san abin da ka riƙe. Wata kuma robar ce mai kauri, cikin ba komai.

Fis ɗin babbar waya kuwa ba abin wasa ba ne. A sa shi kusa da batir, kada ya wuce santimita 45. Ba amfilifaya yake karewa ba, motar yake karewa. Wayar da ta goge a jikin ƙarfe ba fis tana iya tayar da gobara a ƙarƙashin kujerar da 'ya'yanka ke zaune. Wayar ƙasa, wadda ake ɗaurewa a jikin mota, ta zama gajeriya, kaurinta ɗaya da ta wuta, a kankare fenti har sai ƙarfe ya yi sheƙi kafin a ɗaure.

Kuɗina kaɗan ne. Me zan fara saya?

Auna but tukuna, ka duba altaneta. Sannan wufa ɗaya mai inci 12 ta kirki, mai om 4, RMS ɗinta 250 zuwa 300, da akwatin katakon MDF mai kaurin milimita 18 da aka yi bisa awon takardarta, a liƙe ko'ina ba inda iska ke tsira. Amfilifaya mai layi ɗaya da ke ba da wajen 300 a om 4 da 500 a om 2. Ranar da hali ya samu, ka ƙaro irin wufar nan sak, amfilifayar da wayar na nan suna jiran ta. Cikin mota yana taimakon sautin ƙasa fiye da ɗaki, musamman motar da but ɗinta a buɗe yake da cikinta kamar Golf, don haka kada ka yi mamaki in ɗayar ta ishe ka. Manyan motoci irin su Sienna da Sharon su ne suka fi neman ta biyu.

Kunne fa?

Ina so a ɗauki wannan da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako lafiya, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Mota mai wufa biyu tana wuce desibel 110 ba da wahala ba. Bes ba ya sa kunne zafi kamar sautin sama, shi ya sa mutum ba ya ankara. In ka sauka daga mota kunnenka na ƙugi, ya riga ya ji jiki, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Kada a ƙure kiɗa da yara a kujerar baya, su ne suka fi kusa da akwatin. Sautin ƙasa kuma yana ratsa bango, don haka kusa da masallaci, asibiti, ko cikin unguwa da dare, a rage.

Na samu wufa ta hannu da araha. Me zan duba kafin na biya?

Ɗora yatsunka a kewayen tsakiyar faifan, ka danna a hankali, daidai ta kowane gefe. Ya kamata ya shiga ya dawo sumul. In ka ji ƙarar gogayya kamar yashi a ciki, kwayil ya kumbura ko ya karkace. Kai hancinka ramin da ke bayan maganaɗisu ka shinshina, ƙaurin ƙuna ba ya ɓuya ko an yi wata shida. Bi robar gefe da yatsa ka ga ko ta tsage ko ta bushe, ka leƙa ƙananan wayoyin da ke shiga faifai ko sun fara tsinkewa. Auna kowane kwayil da mita: in biyu ne, lambobinsu su zo kusan ɗaya. In an taɓa naɗa mata sabon kwayil a kasuwa, om ɗinta da juriyarta ba lallai su zama na takarda ba, don haka kada ka haɗa ta da sabuwa a kan amfilifaya ɗaya. In kuma biyu za ka ɗauka, ka ajiye su gefe da gefe ka karanta lambar da ke jikin maganaɗisun kowacce, harafi da harafi, domin kamfani ɗaya kan fitar da mai om 2 da mai om 4 da fuska iri ɗaya.